Ƙaramin shafin dillanci a intanet: ka fara sanin ta inda la'adarka za ta biyo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba tukuna. Ina da tsohuwar laftof da ɗan jarin da bai kai naira dubu 100 ba. Ina yawan jin cewa mutum zai iya buɗe ƙaramin shafin intanet a kan fanni guda, yana tallata kayan wasu ana ba shi kamasho. Da gaske ne? Ta ina zan fara, kuma yaushe zan soma ganin kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa a dace. Da gaske ne, kuma harkar ta girmi yawancin masu koyar da ita a TikTok, domin tun 1996 kamfanin Amazon ya buɗe nasa tsarin mai suna Amazon Associates. Dillanci ne zalla. Ba ka da kaya, ba ka da sito, kana haɗa mai saye da mai sayarwa ne a ba ka la'ada. Dillalin Kantin Kwari yana riƙo hannun baƙo ya kai shi har bakin shago, mai shago yana kallonsa, don haka babu musu a kan wanda ya kawo ciniki. Kai kuwa ba wanda ya ga fuskarka. Shaidarka ɗaya ce, wato mahaɗi (link) na musamman da kamfani zai ba ka, mai ɗauke da lambarka. Idan mai karatu ya latsa shi, za a ajiye wata 'yar alama a burauzar wayarsa na wani ƙayyadadden lokaci. In ya sayi kaya kafin lokacin ya ƙare, la'ada ta zama taka. In ya wuce, ko ya sauya waya, ko ya rufe shafinka ya tafi kasuwa da ƙafarsa, ka yi aikin lada.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka fara da gina shafi. Gina shafi aikin yini biyu ne. Ka fara da bin sawun kuɗin daga ƙarshe: wane ne zai karanta, a ina yake sayayya, kuma ta wace hanya la'adar za ta iso asusunka. Mafi yawan shafukan da nake gani sun mutu ba munin zane ne ya kashe su ba, a ɗayan waɗannan wurare uku igiyar ta tsinke.

Mu ɗauki Amazon, tunda shi kowa ke ambata. Wa'adin alamarsa awa 24 ne kacal, sai dai in mutum ya jefa kayan cikin kwandon sayayya a cikin wannan lokaci, to ana ƙara wa'adin zuwa kusan kwana 90 a kan wannan kayan. Idan ka yi rajista, dole ka kawo ciniki 3 cikin kwana 180, in ba haka ba a rufe asusun, kuma abin da ka saya da kanka ta mahaɗinka ba ya shiga lissafi. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka yin rajista kafin ka tara masu karatu. Kuɗin da ka samu a wata sai bayan kusan kwana 60 da ƙarewar watan ake biya, wato na Janairu sai ƙarshen Maris. Za ka cike bayanan haraji na Amurka, kuma kana buƙatar hanyar karɓar dala, abin da ya sa 'yan Najeriya da yawa ke buɗe asusun Payoneer. Sannan farashin la'adar ba a hannunka yake ba. A watan Afrilun 2020 Amazon ya rage na kayan ɗaki da na gyaran gida daga kashi 8 cikin 100 zuwa 3, na kayan masarufi daga 5 zuwa 1, da sanarwar 'yan kwanaki. Mutanen da suka gina rayuwarsu a kan wannan ƙofa guda sun ji jiki.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Mai karatunka na Gusau ko Maraɗi ba ya sayayya a Amazon. Kuɗin dako da na kwastan sun fi ƙarfin kayan. Idan Amazon kake so, to Ba'amurke za ka rubuta wa, da Ingilishi, a kan kayan da wataƙila ba ka taɓa riƙewa ba, kana gogayya da manyan jaridu masu ɗakunan gwaji. Ban ce ba zai yiwu ba, amma ba zan ɗora mai farawa a wannan hanya ba.

A gida akwai Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, kuma dukansu an san su da tsarin ba masu talla kamasho. Ka shiga ka karanta sharuɗɗan da suke kai a yau da idonka, layi-layi, musamman jadawalin la'ada, domin ya bambanta daga rukunin kaya zuwa rukuni. A al'adar wannan harka ko'ina, wayoyi da manyan kayan lantarki su ne masu ƙaramin kaso, tufafi da kayan kwalliya sun fi tsoka. Ka kuma lura da abu guda: ana ƙirga la'ada ne a kan cinikin da ya tabbata. Wanda ya yi odar biya-in-an-kawo, mai kawowa ya iso ya ce ya fasa, ba ka da ko sisi.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi, da alƙaluman da na ɗauka don misali kawai. A ce mutum 1,000 sun karanta shafinka a wata. A ce 100 sun latsa mahaɗi, 3 sun saya. Kayan na naira 60,000 ne, la'ada kashi 3 cikin 100, wato naira 1,800 kowane ɗaya. Ka tashi da naira 5,400 a wata. Ga shi kuma tara mutum 1,000 a wata ba wasa ba ne ga sabon shafi. Ka sauya alƙaluman yadda kake so, za ka ga hanya biyu ce ke ɗaga jimlar: ko dai masu karatu su ninka sau goma, ko kuma la'adar kowane ciniki ta yi kauri. Ta biyun ta fi kusa da kai.

A nan ne nake ganin damar mai rubutu da Hausa take, kuma masu sayar da kwas ba sa faɗinta. Mutanenmu suna bincike a waya, amma a kasuwa suke saye, daga hannun wanda za su iya komawa su riƙe wa riga in kaya ya ba da matsala. To me zai hana ka ƙulla dillancin da mai shagon kai tsaye? Ka samu mai sayar da kayan da ka yarda da amanarsa, a garinku ko a babbar kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano, ku yi magana: duk wanda ya zo ta hannuna, ga abin da za ka ba ni. WhatsApp yana ba da damar haɗa mahaɗin da in an latsa zai buɗe hira da lambar mai shagon, da saƙo a rubuce tun kafin mutum ya taɓa komai, misali "Salam, daga shafin wane na ga fankar nan, lamba 14." Ka haɗa da ɗan rangwame ga duk wanda ya ambaci lambar, ko da naira 500 ce, domin rangwamen ne zai sa mai saye da kansa ya tuna ya faɗa. Raunin wannan hanya a fili yake: babu na'urar da ke ƙirga maka, amanar mai shago ce kawai. Don haka a rubuta yarjejeniya, a sa shaida, a ajiye ranar lissafi duk ƙarshen wata, kuma lokaci-lokaci ka tuntuɓi masu karatunka ka ji wa ya saya. Amma la'adar da za ka sasanta baki da baki a kan inbata ko batir tana iya fin ta manyan kamfanoni nesa ba kusa ba, kuma da naira ce, ba jiran kwana 60.

Maganar fanni kuwa, ma'aunina guda ne: kayan da za ka iya taɓawa da hannunka. Ka bar zancen "abin da kake ƙauna", mutum yana iya ƙaunar jirgin sama. Wane kaya ne in ka shiga majalisa ake tambayarka a kai? Wane ne yayanka ko maƙwabcinka ke sayarwa ko gyarawa, har za ka iya zama a shagonsa ka ga waɗanda ake yawan dawowa da su? Fannin ya zama ƙarami har ka iya ƙure shi, amma ya isa ka fitar da maƙala 30 ba tare da maimai ba. "Fasaha" ba fanni ba ne, teku ne. "Kayan sola" ma ya yi faɗi ga mutum ɗaya. "Fanka mai caji, fitila da ƙaramin sola na ɗaki ɗaya ko shago ɗaya" ya yi daidai. Haka "keken ɗinki da kayan aikin tela mai farawa", ko "kayan kiwon kaji 50 zuwa 200 a bayan gida". Ka gwada a takarda. In ka kasa rubuta taken maƙala 20 a zama ɗaya, fannin ba naka ba ne.

Bari in nuna maka irin rubutun da nake nufi, da fanka mai caji. Kwali ya ce tana yin awa 10. Malalacin marubuci zai kwafe wannan ya sa mahaɗi. Kai kuwa ka juya fankar, ka kwance murfin baya, ka karanta jikin batirin. A ce ka ga bolt 12, amfiya-awa 7. Ka ninka su, ka samu wat-awa 84, wato iyakar wutar da ke cikinsa ke nan in sabo ne fil. In fankar tana jan wat 25 a gudu na ƙarshe, raba 84 da 25, awa 3 da 'yan mintuna ke nan. Awa 10 ɗin kwali sai a gudu na ɗaya, wanda a zafin Afrilu da ƙyar zai kaɗa labule. To sai ka caja ta ta cika, ka kunna bayan isha'i a gudu na ƙarshe, ka ajiye agogo a gefe ka ɗauki hoto, ka sake ɗauka lokacin da ta tsaya. Ka gaya wa mai karatu ko batirin na darma ne ko na litiyam, domin na darma in ana tatse shi ƙaf kullum ba ya daɗewa, kuma ka tambayo masa kuɗin sabon batir a kasuwa da ko ana samunsa ma. Ka faɗi ƙararta da dare, ka faɗi ko wayar cajin tana zafi. Mutumin da ya karanta wannan ya san kai ka kwana da fankar nan, kuma gobe in zai sayi fawa bank wurinka zai dawo. A can ma labarin ɗaya ne: mai lamba 20,000 ba ya cika wayar da batirinta ke da lamba 5,000 sau 4 kamar yadda lissafin kai ke nunawa, domin ana ɗaga wutar daga bolt 3.7 zuwa 5, waya ta sake sauke ta, kowane juyi kuma zafi na cin rabonsa. Sau 2 da rabi zuwa 3 ne abin da ake gani a mai kyau.

Ba sai ka sayi duk kayan ba. Ara, je shago ka nemi izinin gwadawa, zauna da mai gyara ka sha labari. Mai gyaran fanka ya fi kowane kwali sanin wadda injinta ke ƙonewa. Kuma ka kula da lokaci: maƙalar fanka a Disamba ko Janairu ake rubuta ta, ana tsakiyar hunturu, domin ta samu zama a Google kafin bazara ta kama.

Ginin shafin kansa ba zan daɗe a kai ba. Kana buƙatar suna, wato adireshin shafin, da masauki, wato wurin da ake haya a intanet don ajiye shafin. Suna mai ƙarewa da .com yana kamawa wajen dala 10 zuwa 15 a shekara. Na .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ya fi araha kuma ana biya da naira ta hannun kamfanonin gida, ga wanda masu karatunsa 'yan Najeriya ne ya wadatar. Zaɓi gajeren suna da za a iya faɗa a waya ba sai an maimaita ba, ka kauce wa ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Masauki kuwa ɗauki mafi ƙanƙanta, amma ka duba kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu kafin ka biya, domin farashin shekarar farko sau da yawa romon baka ne. Ka tabbatar sunanka da imel ɗinka ne a kan rajistar, ba na wanda ya taya ka haɗawa ba, wannan ya raba abokai da dama. Ɗora WordPress, manhajar gina shafi da ta fito a 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, kyauta ce. Riga mai sauƙi ta kyauta, wato tsarin zanen da ake ɗora wa shafi, ta ishe ka. Kada ka sauke rigar kuɗi da aka sato ake rabawa a Telegram, ta nan ɓarayi ke shiga. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait 3 ko 4, ka matse shi ya dawo ƙasa da kilobait 150, domin mai karatunka da datar naira 200 yake lallaɓawa. In jarin ya yi ƙaranci ƙwarai, Blogger na Google kyauta ne, ana iya farawa da shi a ɗaura masa sunan da aka saya. Duk wannan bai kamata ya ci rabin kuɗinka ba. Ragowar ka ajiye don data da sayen kayan gwaji ɗaya ko biyu.

Sai batun masu karatu. Shekaru goma da suka wuce amsar ita ce ka rubuta, Google zai kawo mutane. Yanzu ƙasa ta motsa. A Satumban 2023 Google ya yi wani sauyi a ma'auninsa na "rubutu mai amfani" wanda ya kwashe wa ƙananan shafukan dillanci masu yawa mafi yawan baƙinsu, har da wasu da suke aiki tsakani da Allah. A Mayun 2024 kuma ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka, daga baya ya faɗaɗa, ta yadda mutum ke samun amsa ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Rubutun da ake tattarowa daga bakin wasu, irin "wayoyi 10 mafiya kyau", shi ne na farko da wannan ya cinye, kuma shi ne irin wanda na'ura ke iya zubo maka ɗari a dare ɗaya. Hoton agogonka kusa da fanka kuwa, da farashin da ka tambayo a kasuwa ranar Talata, babu inda na'ura za ta samo su sai a wurinka.

Da Hausa gogayya ba ta da yawa, amma masu bincike da Hausar ma ba su kai na Ingilishi ba, kuma da yawa suna cakuɗa harsunan biyu ne. Buɗe Google ka rubuta "yadda ake" ko "farashin" ko "wace fanka", ka ga abin da yake ƙarasa maka, waɗannan su ne tambayoyin da mutane suke yi da gaske. Ka sa sunan kaya da lambarsa yadda suke a kwali cikin take. Yi rajistar shafin a Google Search Console tun makon farko, kyauta ne, shi zai nuna maka kalmomin da aka gan ka da su. Amma kada ka zauna jiran Google. Jama'armu suna Facebook, WhatsApp, TikTok da YouTube. Kowace maƙala ka yanka mata bidiyon minti ɗaya da muryarka, ka tura mutane shafin don cikakken bayani. Ka buɗe tashar WhatsApp ko ka tara lambobin waɗanda suka yarda, domin duk ranar da wani dandali ya rufe maka asusu, su ne abin da ya rage a hannunka. Sai dai ka karanta dokar kowane kamfani kan inda ya yarda a liƙa mahaɗinsa, ba duka ke yarda da tura shi ta saƙon sirri ba.

Ka faɗa wa mai karatu a fili cewa kana samun la'ada in ya saya ta hannunka, a saman maƙala, ba a ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba. Amazon ya wajabta hakan a yarjejeniyarsa, hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ita ma tana buƙata, Google kuma tun 2019 ya fito da alamar da ake liƙa wa mahaɗin talla a cikin shafi. Mu kuma muna da abin da ya riga waɗannan: hadisin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ɓoye aibin kaya don la'ada ta shigo, wannan ɗin ne. Za ka kuma tarar cewa masu biyan la'ada mafi tsoka su ne kamfanonin caca da manhajojin bashi da ruwa. Za su neme ka da kansu in shafinka ya fara motsi. Ka san amsar da za ka ba su tun yanzu.

Akwai kuma wani nau'i da ake kira da sunan wannan sana'a alhali ba ita ba ce. Ka biya kuɗin rajista, a ba ka kwas, abin da kwas ɗin ke koyarwa shi ne yadda za ka sayar wa wani wannan kwas ɗin. Sayar da littafi ko darasi na intanet da kamasho halal ne kuma kasonsa yakan yi yawa, tunda babu kuɗin dako. Amma ka tambayi kanka, in aka cire alƙawarin samun kuɗi, akwai wanda zai sayi abin nan? In babu, to kuɗin na baya ne ake ba na gaba, kuma mun ga ƙarshen irin wannan lokacin da tsarin damfarar nan na MMM ya daskarar da asusun mutane a Disamban 2016. Hotunan alat da ake yaɗawa ba hujja ba ne, ba a nuna maka nawa aka kashe a talla kafin alat ɗin ya shigo.

Game da yaushe za ka ga kuɗi, ka ɗauka wata 6 na farko babu komai daga Google, sabon shafi yana ɗaukar watanni kafin a fara yarda da shi. Ta hanyar mai shago da bidiyo ana iya ganin cinikin farko kafin haka, amma kuɗin data ne, ba na haya ba. Saboda haka kada ka daina neman aiki, kuma kada ka ci bashi a kan wannan. Maƙala 2 a mako masu gwaji na gaske sun fi 10 na kwafe. Idan wata 6 ya cika kana da maƙala 30 zuwa 40, buɗe Search Console ka duba. In adadin fitowarka a bincike yana hawa ko da ba a latsawa sosai, take da gabatarwa ne ke son gyara. In ana shigowa amma ba a latsa mahaɗin kaya, kana amsa tambayoyin masu son sani ne, ba na masu shirin saye ba, sai ka koma kan kwatanta kaya biyu da farashinsu. In ana latsawa ba a saye, matsalar tana wurin mai sayarwa, ko tsada ko rashin yarda, sai ka nemi wani. In kuwa duka ukun shiru ne, kada ka sabunta masaukin don kunya. Kwashe rubutunka ka ajiye, ka ɗauki shafin ka nuna wa 'yan kasuwar da ka saba da su a wannan tsakanin, domin a cikinsu akwai mai neman wanda zai haɗa masa irinsa ya biya shi.